Haƙorin Dariya: Craig David, Fuskar Roba, da Masoyan da Suka Taya

A gidajen rawa na Jamaika, da na unguwannin Landan da suka gaji wannan al'ada, mai juya faifai sunansa "selecta". Idan ya saka waƙar da ta ratsa jama'a, sai wuri ya kaure da ihun "bo!", wato a mayar da ita farko, ba mu ƙoshi ba. Daga nan ne wani yaro ɗan Southampton mai shekara 18, Craig David, da abokan aikinsa na Artful Dodger suka samo "bo selecta", amshin waƙarsu ta 1999, Re-Rewind, wadda ta kai mataki na 2 a jadawalin waƙoƙin Birtaniya. Kirari ne. Shekara uku bayan haka, kirarin nan ya koma abin da ake jifansa da shi a kan titi.

Kafin a fahimci rigimar, sai an san girman wanda aka taɓa. Uban yaron ɗan asalin tsibirin Grenada ne, makaɗin jita a wata ƙungiyar rege; uwarsa Baturiya ce mai tushen Yahudawa, ita ta rene shi a rukunin gidajen gwamnati na Holyrood. A 2000 ya fitar da kundinsa na farko, ya sayar da fiye da kwafi 225,000 a makon farko, abin da babu wani namiji mai waƙa shi kaɗai a Birtaniya da ya taɓa yi da kundin farko kafin lokacin. Daga baya cinikin ya haura miliyan 7 a duniya. Yaro ne mai tsafta, mai taushin murya, gemu a tsage kamar an ja da alƙalami, ba ya zagi, ba ya faɗa, ba a jin sa a wata badaƙala. A bikin kyaututtukan Brit na 2001 an saka sunansa a rukuni 6, ya koma gida hannu rabbana. Tun a daren ma wasu suka lura cewa ƙasar tana son waƙarsa amma ba ta gama yanke shawara a kansa ba.

A watan Satumba na 2002 tashar Channel 4 ta fara wani shirin barkwanci na dare, aka raɗa masa suna Bo' Selecta!. Mai shirin, Leigh Francis, Bature ne ɗan Leeds. Sana'arsa ita ce ya saka fuskar roba ta wani shahararre ya yi ta shirme da sunansa. Fuskar Craig David ita ce tauraruwar shirin: haɓa ƙatuwa kamar an ɗaura ƙwarya, gemun nan an zana shi da kauri, hular sanyi, abin sauraren kiɗa a kunne, da tabarau a saman roba. In ya buɗe baki, maimakon muryar nan mai santsi ta kudancin Ingila, sai ka ji karin harshen mutanen Yorkshire, can arewa, mai kaushi. A hannunsa akwai shahon roba da yake lallaɓawa kamar ɗansa. Ba ya iya riƙe fitsari. Kowace jimla sai ya ja sunansa da waƙa, saboda mawaƙin na gaskiya yana da ɗabi'ar ambaton sunansa a cikin baiti.

A cikin halayen nan, wannan na ƙarshen shi kaɗai ne aka ɗauko daga mutumin. Sauran duk ƙage ne. Zan dawo kan wannan, domin a ganina nan gizo ke saƙa.

Shirin ya karɓu. Ya yi zango-zango har 2004, aka ci gaba da wasu rassansa bayan nan, har waƙar Kirsimeti suka fitar a 2003 ta shiga sahun 5 na farko. Yara a makaranta, samari a mashaya, direbobi a kan hanya, kowa ya iya jan sunan da muryar Yorkshire. Mawaƙin da kansa ya sha faɗa cewa ko'ina ya bi sai an kwaɗa masa kalaman fuskar roba. Daga nan kan masoya ya rabu, kuma har yau, sama da shekara 20, bai haɗu ba.

Ɓangare na farko su ne masu cewa wasa ne. Hujjarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa ai babu wanda zai kalli wannan dodo ya zaci Craig David ne. Rashin kamar shi ne abin dariyar. Suna cewa Francis bai ƙyale Turawa 'yan uwansa ba, ya yi wa Elton John, ya yi wa Kelly Osbourne, kowa ya sha. Suna kuma kafa hujja da Mel B ta ƙungiyar Spice Girls, wadda ita ma baƙar fata ce ta wajen uba, aka yi mata tata fuskar mai muni, amma ta riƙa zuwa shirin, suka zama abokai da Francis. Ga kuma al'adar Ingilishi, inda ake ganin wanda ba ya iya yi wa kansa dariya a matsayin mai girman kai. A wurinsu duk wanda ya yi suna ya zama dandali, kuma a kwaikwaye ka alama ce ta cewa ka isa.

Bahaushe ba baƙon wannan ra'ayi ba ne. Mu ne masu wasan taubasai, na jika da kaka, na Bakano da Bazazzagi, na Bafillace da Babarbare, na Bagobiri da Bayarabe. Ana faɗa wa juna maganar da in wani ne ya faɗa sai an zub da jini, a tashi ana tafawa. Muna da 'yan kama, waɗanda ke ɗaukar waƙar babban makaɗi ko salon wa'azin malami su juye shi ya koma zancen tuwo da miya, makaɗin na zaune yana dariya. Amma duk wanda ya tashi cikin wannan wasa ya san sharaɗinsa, ko da ba a taɓa karanta masa ba: wanda ka tsokana yana da bakin ramawa. Yau Bafillace ya ce Babarbare bawansa ne, gobe Babarbare ya rama har da riba. Kuma wasan yana da wuri da lokaci. In an watse, an watse.

Me Craig David zai rama da shi? Francis na da rabin sa'a a talabijin kowane mako, yana ɓoye a bayan roba, a lokacin ma mutane da yawa ba su san ainihin fuskarsa ba, don ba ya yarda a yi hira da shi sai a cikin rigar wani hali. Shi kuwa mawaƙin fuskarsa ita ce jarinsa. Sannan sunan shirin daga waƙarsa aka ciro, ke nan duk tallar da tashar ta yi, duk faifan bidiyon da aka jera a kanti, da shi ake yi. Elton John ya shekara 30 yana tashe kafin a yi masa fuskar roba, ba ta da inda za ta kama shi. Wannan yaro kuwa shekararsa 21, jama'a ba su gama sanin ko wane ne shi ba, sai aka miƙa musu wani a madadinsa.

Ya gwada bin shawarar da ake ba kowa a irin wannan hali, wato ka taya su dariya sai abin ya mutu. Ya je shirin da kansa, ya tsaya kusa da dodon nasa. Abin bai mutu ba, sai ma ya zama hujja a hannun masu cewa ai shi ma ya yarda. Gaba kura, baya sayaki: in ya yi shiru an ce ya amince, in ya yi magana an ce ba ya ɗaukar wasa. A wata hira a 2007 ya fito fili ya ce abin ya yi masa ciwo matuƙa, har akwai lokacin da ya ji kamar ya kai wa mutumin naushi. Da tauraronsa ya sake haskawa wajen 2016, sai aka ji shi yana cewa babu komai a ransa, ya wuce wurin. A 2022 kuma, lokacin da ya fitar da littafinsa, ya kira abin da sunan cin zali da wariyar launi, ya ce yana cikin dalilan da suka sa ya tattara ya koma Miami.

Masu goyon bayan Francis sun kama wannan suka riƙe: mutum mai baki uku, wanne za a ɗauka? Ni ban ga baki uku ba. Na ga abin da na taɓa gani da idona.

A makarantar kwanan da na yi, akwai wani yaro ɗan ajinmu mai in'ina kaɗan, ba ta ma fito sosai sai in ya yi sauri. A daren wasanni na ƙarshen zango, wani ɗan ajin gaba da mu, gwanin kwaikwayo, ya hau tebur ya yi shi. Bai tsaya a in'inar ba. Ya ƙara masa ɗingishi da ba shi da shi, da jan majina da ba ya yi. Ɗakin taro ya kusa tsagewa. Ni ma na yi dariya har da riƙe ciki. Kashegari a layin koko wani ya kira shi da kalmar da mai kwaikwayon ya maƙale a kanta, shi ke nan suna ya zauna. Ya yi fushi mako guda, ya ga fushin ƙara wa wutar mai yake yi, sai ya koma amsawa da murmushi, har shi ma yakan yi ɗingishin don a yi dariya. Duk muka ce ai ya saba. Bayan shekara kusan 20 muka haɗu a wani ɗaurin aure, wani ya hango shi ya ƙwala masa sunan nan a gaban 'ya'yansa. Ya yi murmushin dai. Da muka keɓe wajen motoci sai ya ce da ni, a hankali, ba tare da in'ina ko ɗaya ba: "Ka san saboda sunan nan na daina zuwa taron tsofaffin ɗalibai?" Mai kwaikwayon minti 5 ya yi a kan tebur. Sauran shekarun mu muka ɗauke su.

Wannan ne ya sa ba na gamsuwa da ɗaya ɓangaren ma, wato 'yan gani-kashe-nin mawaƙin, masu cewa Leigh Francis shi kaɗai ya kashe wa gwaninsu sana'a. Labari ne mai daɗin faɗa, yana da mugu guda ɗaya mai suna da fuska. Amma lissafin bai cika ba. Kundinsa na biyu ya fito a ƙarshen 2002, shirin na kan ganiyarsa, ya kai mataki na 4. A 2003 waƙarsa da Sting ta kai na 2. Kuma abubuwa da dama sun taru a lokaci guda. Salon kiɗan da ya ɗaga shi, wanda ake kira garej, kasuwarsa ta fara faɗuwa. An shafa wa salon kashin kaji saboda harbe-harben da aka yi a wasu wuraren rawa, masu gidaje suka riƙa gudun 'yan garej. Wani salo mai zafi, girayim, ya taso daga gabashin Landan, har ɗaya daga cikin mawaƙansa, Dizzee Rascal, ya ci kyautar waƙa ta Mercury a 2003, kuma a kusa da waɗannan samari masu kaushin murya sai mai waƙar soyayya ya zama kamar ɗan gata. Shi kansa ya karkata wajen salon Amurka, abin da tsofaffin masoyansa na gida ba su ji daɗinsa ba. Kamfanin Telstar, ɗaya daga cikin iyayen gidan kamfanin da ke buga masa faifai, ya durƙushe a 2004. Ko babu fuskar roba, da wuya ya sake maimaita cinikin 2000. Mawaƙa nawa ne suka yi kundin farko mai ƙarfi suka gangaro ba tare da kowa ya kwaikwaye su ba?

Abin da shirin ya yi shi ne ya sa son Craig David ya zama abin kunya. Saurayin da ke da faifansa a mota ya fara ɓoye shi a ƙarƙashin kujera. Wannan ba ya bayyana a jadawali a mako guda, a hankali yake ci, kamar gara. Kuma a nan ne tambayar da masoya ba sa son ji take: su waye suka yi dariyar? Miliyoyin da suka sayi kundin da miliyoyin da suka kalli shirin ba al'umma biyu ba ce. Matasa ne masu shekaru ɗaya, a garuruwa ɗaya, sau da yawa mutum ɗaya ne. Da yawa daga masu kumfar baki yau a Facebook da YouTube cewa an zalunci gwaninsu, in za su faɗi gaskiya, sun ja sunan nan da muryar Yorkshire a filin makaranta. Haƙorin dariya shi ke cizo.

Akwai wani abu a cikin shirin da ba a cika tunawa da shi ba, kuma yana ba ni mamaki. Mai gabatar da shirin wani hali ne da Francis ya ƙirƙira, Avid Merrion: mutum mai abin tallafe wuya, mai baƙon karin harshe, wanda son taurari ya haukata, ya lulluɓe bangon ɗakinsa da hotunansu, yana bin su lungu-lungu, har ya kulle wani a cikin kabad don kada ya rabu da shi. Wato tun daga farko, wanda aka fi yi wa dariya a shirin shi ne masoyi. Masoya suka zauna suna kallon hotonsu a madubi suna tafi, ba su gane ba. Francis ɗin kansa, ranar da ya nemi gafara, cewa ya yi mutanen da ya kwaikwaya mutane ne da yake matuƙar so. Ban ga dalilin ƙaryata shi ba. So iri-iri ne. Akwai wanda ke ganin wanda yake so kamar kayan wasansa ne.

Neman gafarar ya zo ne a farkon watan Yuni na 2020, kwanaki kaɗan bayan kisan George Floyd a Minneapolis ranar 25 ga Mayu, lokacin da zanga-zanga ta tsallaka teku ta iso Ingila. Francis ya yi bidiyo a Instagram, murya na rawa, ya ce a wancan lokacin bai gane girman cin fuskar ba, ya ambaci Craig David da Michael Jackson da mai gabatar da shirye-shirye Trisha Goddard. Channel 4 ta cire shirin daga rumbunta na intanet. A daidai lokacin aka sauke wani shirin barkwanci, Little Britain, shi ma daga BBC da Netflix saboda irin wannan dalili.

Maganar launi tana da tarihi da ba za a tsallake ba. Tun shekarun 1830 a Amurka Turawa ke shafa baƙi a fuska, su zana leɓe ƙato, su yi rawa da magana irin ta wawaye a matsayin "baƙar fata". Sunan Jim Crow da aka laƙaba wa dokokin wariya daga irin wannan wasa ya samo asali. A Birtaniya BBC ta yi shekara 20 tana nuna irinsa, daga 1958 zuwa 1978, iyalai na kallo da daddare. Masu kare Francis na cewa roba ba shuni ba ce, kuma bai kwaikwayi "baƙar fata" a jumlace ba, mutum ɗaya ya kwaikwaya. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sai dai Trisha Goddard ta ba da amsar da ta fi ƙarfin gardama: ta ce saboda fuskar da aka yi mata mai faffaɗan hanci da manyan leɓɓa, 'ya'yanta sun sha tsangwama a makaranta. Yaran da suka tsangwame su ba su tsaya bambance roba da shuni ba. Ta karɓi uzurin Francis, amma bayan ta yi magana sai wasu masoyan shirin suka yi mata ca da zagi, har da na launin fata, wai ita ta sa aka cire musu abin dariyarsu. Mutumin da suke karewa ya ce ya yi kuskure, su sun ce bai yi ba.

Craig David kuwa bai ga abin a matsayin tuba ba. A 2022 ya nuna shakkarsa kan lokacin da uzurin ya zo, yana ganin guguwar da ta taso ce ta tilasta shi. Ihu bayan hari, in ji masu magana. A nan ma masoya sun sake rabuwa, wasu na cewa me kuma yake so, wasu na cewa gafarar da aka nema a gaban kyamara ba ta kai wadda ake nema ido da ido ba. Masu wannan ra'ayi na biyu sukan kawo misalin ɗan barkwanci David Baddiel, wanda a shekarun 1990 ya shafa baƙi ya ɗora abarba a ka yana kwaikwayon ɗan ƙwallo Jason Lee, har filayen wasa suka ɗauka suna rera masa. A 2022 ya je ya zauna gaban Lee ya nemi gafara, bayan fiye da shekara 25.

Na ce zan dawo kan batun ƙage. A watan Afrilu na 2021 shirin zane na The Simpsons ya fito da wani hali da kowa ya gane Morrissey ne, tsohon mawaƙin The Smiths: an nuna shi ya yi teɓa, yana cin nama duk da an san shi da ƙyamar nama, yana aibata baƙin haure. Manajansa ya yi raddi mai zafi, masoya suka rabu. Amma duba bambancin. Teɓar da naman ba'a ce kawai, sai dai jigon zambon yana rataye ne da maganganun da Morrissey ya yi da bakinsa kan shige da fice, da bajon wata jam'iyyar masu tsattsauran ra'ayi da ya maƙala a talabijin ɗin Amurka a 2019. Masoyinsa na iya cewa an yi masa ƙarya, wani ya ce ga abin da ya faɗa, a baje hujja. Zambo ne irin na makaɗan fada, mai ɗauko aibin da ake zargi ya kambama shi. Yana da zafi amma ana iya amsa shi. Shahon roba da fitsarin kwance fa, da me za ka ƙaryata su? Ba zargi ba ne balle ka wanke kanka. Ba su faɗi komai game da Craig David ba, sun dai hau kujerarsa sun zauna. Shi ya sa nake ganin hujjar "ai bai ma yi kama da shi ba", wadda masu kare shirin suka fi tinƙaho da ita, ita ce ta fi kowace tona musu asiri.

A Miami ya koma sana'arsa ta farko, juya faifai. Ya riƙa haɗa 'yar walima a gidansa, yana kiɗa yana ɗora murya a kai, ya sa mata suna TS5. Daga falo ta koma rediyo, daga rediyo ta koma manyan dandali. A 2016 sabon kundinsa ya hau mataki na 1, shekara 16 bayan na farko. A 2017 ya hau babban dandamalin bikin Glastonbury, a ƙarshen 2020 aka sanar da ba shi lambar girma ta MBE. Da yawa daga waɗanda suka dawo da shi ƙananan yara ne a lokacin da ake nuna fuskar roba; a motar iyayensu suka ji waƙoƙin, ba su san akwai wani abin kunya a ciki ba.

Har yanzu yana rera waƙar 1999 a wasanninsa. In ya zo kan amshin yakan miƙa wa jama'a makirufo, dubban mutane su amsa da "bo selecta". A cikin taron akwai 'yan shekara 20, akwai kuma 'yan shekara 40 da wani abu, masu furfura a gemu, waɗanda bakinsu ya san kalmar da murya biyu.